Fitilar da Na Rataya a Zauren Alhaji Isaka

Ni na riƙe wa Lawali kai a cikin kwalekwale ranar da muka haye kogi daga Gaya ta Nijar, yana ta sheƙa amai kamar ransa zai fita. Ina so a fara sanin wannan. Don yanzu idan ka shiga Zangon Kumasi ka tambayi Lawali mai fitila, har mai tallan ruwan leda zai nuna maka hanya, amma idan ka tambayi Habu wanzami sai a ce maka wane Habun. Lawali taubashina ne, ɗan gwaggona. Ni ɗan namiji, shi ɗan mace, saboda haka tun muna yara a Tasawa bawana nake ce masa, shi kuma ya ce mini ubangidan da ba shi da ko akuya. Na girme shi da shekara shida. Ni na ce ya biyo ni Gana, don gyaran rediyo da ɗan wayarin ɗin da yake yi a gida ba ya ci da kowa.

Hanya ta wahalar da mu. A ƙasar Benin mota ta lalace a wani daji, muka wuni muna cin garin rogo da ruwan zafi. A iyakar Togo wani mai tsabtar riga, mai Hausa rangaɗau kamar ɗan unguwarmu, ya sayar mana da takardun allurar shawara, ya rantse ba a shiga Gana sai da su. Da muka isa Aflawo, iyakar Gana, ma'aikacin ya ɗaga su sama, ya yi dariya, ya yaga a gabanmu, muka sha rana kafin a yi mana allurar gaskiya. A tashar Akara kuma wani ya ɗaukar mana kaya wai taimako, na juya in ga ko Lawali na biye, na waiwayo babu mutum babu zabirata. Zabirar ubana ce, da asake da ƙaho da dutsen washi. Abin da ya rage mini aska ɗaya ce da na naɗe a tsumma na sa a aljihu. Na zauna a bakin kwata na yi kuka, ba na jin kunyar faɗi.

Ana ruwan sama muka shiga Kumasi. Hausar Zango ta fara ba ni dariya, don ji na yi wani yana cewa matarsa ya tafi kasuwa, sai daga baya na gane ni ne abin dariyar, tunda ni ne ban san ko sunan abincin da ake zuba mini ba. Muka tambayi mai masaukin mutanen Nijar, aka kai mu gidan Alhaji Isaka.

Alhaji tsoho ne tukuf, kakansa ya zo fataucin goro daga Dogon Dutsi ya zauna. Idonsa na hagu ya daɗe da mutuwa, da na dama yake karatun Alƙur'ani, yana kawo takardar dab da hanci. Al'adar gidan ita ce duk baƙon da ya zo a zaunar da shi a zaure, a ba shi ruwa, Alhaji ya tambayi sunan ubansa da garinsu. Ba ya tambayar ranar tafiya. Haka ya yi mana, ya sa aka ba mu tabarma a ɗakin baƙi. Da ya ji ni wanzami ne sai ya cire hula ya ce in gwada. Na fito da askar nan guda ɗaya na yi masa ƙwal. Ya shafa kansa, ya sake shafawa, ya ce tun da tsohon wanzaminsa ya rasu bai ji hannu irin wannan ba.

"Sannu, Sarkin aska," in ji shi.

Daga ranar kowace Juma'a da hantsi ni ke yi masa aski a zaure, lokacin da masu gaisuwa suka cika, kuma kullum da kalmar nan yake sallamata a gaban kowa. Mutumin da ya rasa zabirar ubansa a tasha, ka san abin da wannan ya zame masa. Ba ni da ƙasa a nan, ba ni da dangi sai Lawali, amma ina da kan Alhaji Isaka.

Na samu aiki a unguwar Oforikrom, a shagon aski na wani Ba'asante mai suna Kwaku. Mutumin kirki ne. Shi ya koya mini riƙe injin aski, kuma duk ranar da ya ga na yi shiru ina kallon titi sai ya aika a sayo mini koko da ƙosai, ya san su ne suka fi kusa da gida. Kewa kam na sha ta. Sai in tuna furar da matata take damawa, in kalli dokunu, tuwon masarar Gana, da ke gabana in ji hawaye. A shagon akwai wani ɗan akwati mai fitila shuɗiya a ciki, inda muke sa injina da almakashi don kashe ƙwayoyin cuta. Da ka buɗe murfin sai fitilar ta mutu. Ni a zatona dabarar tattalin wuta ce, ban taɓa tambaya ba.

Lawali kuwa ya yi wata huɗu ba aiki, ni ke ci da shi. Sai dai bakinsa ba ya zama. Kafin in iya gaisuwa da Tuwi, yaren Asantawa, shi har ciniki yake yi da shi, yana sa matan kasuwa dariya. Wata rana fanka ta lalace a ƙaramin asibitin da Anti Memuna, 'yar Alhaji, take aikin nas a Buokrom, ta ce ya je ya duba. Ya tarar da wani injiniya yana ɗaura wasu fitilu a ɗakin jiran marasa lafiya, yana neman mai hawa tsani da ya san waya. Shi ke nan. Cikin wata biyu bawana ya fara fita da riga mai aljihu huɗu da wata 'yar na'urar awo a rataye a wuya.

Bayan magariba, idan muka zauna shan shayi a ƙofar gida, sai a kewaye shi ana tambaya. Ya ce fitilar ba ta fi gwangwanin kifi girma ba, a rufin ɗaki ake kafa ta, haskenta ma da ƙyar ake ganinsa. Ya ce idan mai tari ya yi tari, ƙwayoyin da suka fito suna yawo a iska, hasken nan shi ke kashe su, mutane kuwa suna zaune abinsu. Ya ce abin da ya raba ta da sauran fitilun kashe cuta shi ne haskenta ba ya iya ratsa matacciyar fatar da ke saman jiki, ko ruwan hawayen da ke kan ido, kuma akwai wani gilashi a bakinta da ke tace hasken da ke cutarwa. Duk da haka sai an auna tsayin ɗaki da ƙarfinta, kuma ba ta hana a buɗe taga. Dattawa suna ta gyaɗa kai, wani har yana cewa kai, yaron nan da ya yi boko da likita ne.

Raina ya ɓaci. Na ce wannan ai tsohon labari ne, ni kullum da irinta nake aiki a shagon Kwaku.

"Ba ɗaya ba ne, Yaya Habu," in ji Lawali. Ya fara cewa tasu akwai lamba ɗari biyu da ashirin da biyu a jikinta, tamu kuwa wata lamba ce daban, shi ya sa ake rufe ta a akwati. Ban bari ya ƙarasa ba. Na ce jama'a ku ji, yau bawa ke koya wa ubangidansa karatu. Aka fashe da dariya, shi ma ya yi, don wasan taubasai ba a fushi da shi. Ni kaɗai na san ba wasa nake yi ba.

Abin ya bi ni har gida. Na kira matata a waya, maimakon ta tambayi lafiyata sai ta ce wai gaskiya ne Lawali ya zama injiniya, don gwaggo ta cika gari da zancen. Na ce mata layi ba kyau, na kashe.

Da damina ta yi nisa ciwon ƙirji ya kwantar da Alhaji, ya yi sati biyu a asibiti. Da ya dawo Anti Memuna ta ce a daina taruwa a zaure, don kowa da tarin da yake kawowa, ƙirjin tsoho kuma ba zai ɗauki na biyu ba. Alhaji ya ce zauren da kakansa bai rufe ba, ba shi zai rufe ba. Ana cikin wannan ja-in-ja Lawali ya ce ya roƙi injiniya, an yi masa alkawarin fitila ɗaya don zauren, sai dai a jira wata guda kafin kayan su iso. Tun ranar Alhaji ya koma ce masa ɗana. Juma'ar da ta biyo, ina tsaye a kansa da aska, daga bismilla har na gama zancen Lawali yake yi wa mutane. Ya dai ce mini Sarkin aska a ƙarshe, amma idonsa na ƙofa yana duba ko ɗan nasa ya dawo. Wallahi ji na yi kamar an zuba mini garwashi a ƙirji. Hassada ce, ba ta da wani suna, kuma na san ita ce tun a lokacin.

Sai na ce a raina, wata guda? Abin da ke cikin akwatin Kwaku ne za a jira wata guda?

Ranar Laraba na shiga layin masu kayan wuta a kasuwa, na nuna hoton akwatinmu a waya, na ce babbarta nake so. Mai shagon ya fito mini da doguwa kamar hannuna, ya kunna, ga shuɗin nan sak. Ya yi mini wata doguwar magana da Turanci yana nuna idonsa yana kaɗa yatsa. Na ɗauka cewa yake kada in bari ta fashe. Mutum ɗaya ne zai fassara mini a tsanake, shi ne kuwa wanda ba zan tambaya ba.

Ranar Juma'a bayan asuba Lawali ya hau motar Atonsu, suna da aiki can. Alhaji ya shiga ciki ya ɗan kishingiɗa. Na taka benci, na ɗaure fitilar da waya a jikin katakon rufi, daidai saman buzunsa, na jona na kunna. Na sauko ina ta murmushi ni kaɗai. Na riga na shirya abin da zan ce idan an tambaya: ai ƙaramin abu ne, Baba, da an gaya mini tun farko da ba a jira ba.

Ba wanda ya tambaya. Mutum na farko da ya shigo ya ɗaga kai ya ce, af, fitilar Lawali ta iso. Na biyu ya ce kai, yaron nan akwai cika alkawari. Kafin Alhaji ya fito zance ya gama zama. Ya zauna a buzu, ya ɗaga fuska ya daɗe yana kallonta da idon nan guda ɗaya, sannan ya ɗaga hannu ya yi ta sa wa Lawali albarka, jama'a na amin. Ni ina tsaye da aska a hannu. Na ce bari in haƙura har ya dawo da yamma, in faɗa a gaban idonsa, kunyar ta fi cika. Na jiƙa kan Alhaji na aske shi tas a ƙarƙashin hasken nan. Akwai wani ɗan wari a ɗakin, irin na wurin masu walda, wani dattijo ya ce ai warin cuta ce tana mutuwa. Tun hantsi suna zaune har aka tashi tafiya masallaci, bayan an sauko kuma Alhaji ya koma wurinsa ya buɗe Alƙur'ani.

Ina shagon Kwaku bayan la'asar na ji kamar an watsa mini yashi a ido. Na wanke, ya ƙaru. Kafin in kai gida da ƙyar nake ganin hanya. Na tarar da ƙofar gida cike, dattawa a zazzaune kowa ya rufe fuska da rawani hawaye na zuba. Alhaji na kwance a zaure, idonsa ya kumbura ya ƙi buɗuwa, kan nan da na aske da safe ya yi jawur kamar an zuba masa tafasasshen ruwa. Yana ta cewa a hankali, "Memuna, ba na gani."

Anti Memuna tana shigowa ta ɗaga kai, ta yi salati, ta fizge wayar daga bango. Ta ce wane mara imani ne ya rataya a kan mutane fitilar da ba a kunna ta sai a ɗakin da ba kowa. Baki ɗaya aka ce Lawali. Shi kuwa sai ga shi ya sauko daga mota, da na'urarsa a wuya. Ba ta bar shi ya yi sallama ba. Ta ce sun ɗauke shi daga titi sun sa shi a cikin mutane, shi ne zai makantar mata da uba. Ta ce za ta kira injiniya, kada ya sake taka asibitinsu.

Lawali ya shiga zauren. Ya taka benci ya kwance fitilar, ya duba lambar jikinta, sannan ya tsaya yana kallon ƙullin wayar. Ƙullin turken akuya ne irin na gidan kakanmu, zagaye biyu a soke ta ƙasa. Ni na koya masa shi yana ɗan shekara bakwai. Ya ɗago ya dube ni, ya ga idona. Sai ya juya ya ce, "Anti, a yi haƙuri. A fara kai Baba wurin likitan ido tukuna."

Zan faɗi abin da ban taɓa gaya wa matata ba. Lokacin da take zaginsa a gaban jama'a, akwai wani ɗan lokaci, bai fi ƙiftawar ido ba, da na ji daɗi.

Likita ya ɗiga magani ya rufe idon, ya ce irin wannan ƙunar takan warke cikin kwana biyu, amma ga tsoho mai ido ɗaya ba zai yi alkawari ba sai an buɗe. Ranar Asabar na wuni kwance a ɗakin baƙi. Lawali ba aiki, an ce ya zauna a gida, a waje kuma ba mai amsa gaisuwarsa. Shi ya jiƙa tsumma ya ɗora mini a fuska, ya ɗiga mini maganin da aka raba wa kowa. Na jure, na jure, na kasa. Na ce don me bai faɗa ba.

"Taubashina ne kai, wurin wa zan kai ƙararka?" in ji shi. "Ni in an kore ni zan samu wata fankar in gyara. Kai in an raba ka da zauren nan, me ya rage maka?"

Mai hankali da ya ji wannan kuka zai yi. Ni haushi na ji. Ya fi ni baki, ya fi ni aiki, ya karɓe mini Alhaji, yanzu kuma har a kirki zai fi ni, in zauna ina cin tuwo a inuwar alherinsa har in mutu. Na so in ce tsoron Allah ne kaɗai ya tashe ni, amma ƙarya ba ta da amfani yanzu. Tsoron Allah na ciki, idon tsohon nan na ciki, wannan haushin ma na ciki.

Da safiyar Lahadi na yi sallama a ɗakin Alhaji. Yana zaune da bandeji a fuska, Anti Memuna na ba shi koko a baki. Na durƙusa na faɗi komai, tun daga kasuwa har benci. Ta ajiye kofin, ta fara magana, ya ɗaga mata hannu. Ya juyo da fuskarsa wajena.

"Da nake sa wa Lawali albarka, kana tsaye a kaina da aska," ya ce. "Me ya hana ka magana?"

"Baƙin ciki, Baba. So na yi ya dawo in kunyata shi."

Ya ce in tashi in kira masa ɗansa.

Ranar Litinin aka buɗe idon. Ya ƙifta, ya ƙifta, ya ce a miƙo masa Alƙur'ani, ya karanta layi biyu. Ina bayan ƙofa na zame na zauna a ƙasa. Anti Memuna ta je har wurin injiniya ta janye maganarta, ta ba Lawali haƙuri a gaban mutanen da ta zage shi a gabansu, sannan ta ce ni kuma in tattara tabarmata. Alhaji ya ce ba a taɓa korar baƙo daga gidan nan ba. Da na gaya wa Kwaku ya riƙe kai, ya ja ni gaban akwatin ya nuna mini zanen ido da aka ja wa layi a jikin murfin. Shekara guda ina buɗe murfin nan kullum.

Fitilar gaskiya ta iso bayan sati uku. Lawali ya auna ɗakin, ya kafa ta a kusurwa, ya zagaya da na'urarsa daidai tsayin kan mutum a tsaye da a zaune, ya sa aka gyara tagar da ta daɗe a kafe. Ranar farko dattawa suka ƙi shiga, kowa na leƙe daga waje. Alhaji ne ya fara zama a ƙarƙashinta shi kaɗai, ya wuni, washegari suka dawo ɗaya bayan ɗaya.

Duk wannan lokacin ba a yi masa aski ba, fatar kansa na saɓa. Juma'a ta huɗu na zauna can bakin ƙofa wajen takalma, askata a aljihu, ban san ko wani za a kira ba. Zaure ya cika. Alhaji ya cire hula ya miƙa wa Lawali ya riƙe masa, sannan ya juyo da idonsa wajen ƙofa ya ce ruwan aski na hucewa. Na tashi. Ban taɓa yin aski a hankali kamar na ranar ba. Da na gama ya shafa kansa, ya sake shafawa, ni kuma ina tsaye ina jira.

"Sannu, Habu," in ji shi.

Yau shekara biyu ke nan. Kowace Juma'a ni ke yi masa aski, a ƙarƙashin fitilar Lawali, kuma kowace Juma'a idan ya kai hannu kansa sai na tsaya na saurara. Habu yake cewa.